Rubutu a Kan Zanen Mama Ngumimi

Tun da Patrick ya turo mata hoton, Mnena ta san akwai aiki. Mahaifiyarsa ce, marigayiya Mama Ngumimi, zaune a ƙofar gidansu na Akurba. Ta ɗaura zanen Tibi mai ratsin baƙi da fari, ta yafa irinsa, har ɗankwalin ma shi ne. Ranar Lahadi za a yi sujadar tunawa da ita, kuma mijinta Baba Aondover ya roƙi abu ɗaya, cewa coci gaba ɗaya ya rera waƙar da ta fi so, da harshen Tibi.

Tibi kuwa ba su da yawa a cocin. Eggon ne da Migili da Alago suka cika benci, da Hausa ake sujada. In jama'a ba su ga kalmomin a bango ba, Baba zai tsaya shi da 'ya'yansa suna rerawa su kaɗai, sauran na kallonsu.

Mnena ce ke kula da majigin coci tun da ta dawo daga jami'a. Ta karɓi aikin ne saboda teburinsa yana can baya, inda ba mai juyowa ya dube ta.

Ranar Asabar da yamma ta zo gwaji. Patrick ya riga ya ce mata yana so hoton ya cika bango, waƙar ta hau kansa. Ta sa farin rubutu, ratsin fari ya cinye rabin kowace kalma. Ta mai da shi baƙi, ratsin baƙi ya cinye ɗaya rabin. Ruwan ɗorawa kuwa sai da ya sa idonta ƙwalla. Daga ƙarshe ta yi abin da aka saba, ta shimfiɗa wa hoton inuwa mai duhu, farin rubutu ya fito tar.

Patrick ya shigo da buhun ruwan leda a kafaɗa, ya ɗaga kai, ya tsaya cak.

"Sista Mnena, mene ne wannan? Wa ya kashe wa Mamana wuta?"

"Don rubutun ya fito ne, Broda."

"Abeg, don Allah cire. Mutane za su zo daga Agyaragu su ga uwata cikin duhu kamar an ɗauke ta a rijiya? Mai da shi yadda na ba ki."

Ta mai da shi. Ta zauna tana kallon kalmomin da suka kakkarye a kan zanen, tana jin yadda cocin zai yi tsit gobe.

Ana cikin haka Baba Aondover ya shigo a hankali, ya zo duba kujerun baƙi. Mnena ta miƙe, ta rusuna.

"Baba, sannu da zuwa. Don Allah ko za ka ɗan zauna nan kusa da ni?"

Ya zauna. Ta nuna masa bango.

"Baba, ka karanta mini layin farko."

Ya gyara tabarau, ya miƙa wuya, ya ƙanƙance ido. Can sai kafaɗunsa suka fara motsi. Mnena ta tsorata, ta ɗauka kuka ne. Ashe dariya yake yi.

"Patrick! Zo nan, babban injiniya. Kai ka ce a yi haka?"

"Baba, don a girmama Mama ne."

"Wace Mamar? Matar da kowace Lahadi sai ta cika mini kunne a hanyar gida? Wai yaran nan sun sa furanni a bayan rubutu, sun sa ruwa yana gangarowa daga dutse, ita ba ta ga waƙa ba. Ta ce waƙa ta zo yi, ba kallon furanni ba. Yanzu kuma ita ce za ta tare wa mutane rubutu? Ai ba za ta yafe mana ba."

Patrick ya sosa ƙeya. "To ba za a ga fuskarta ba ke nan?"

Baba ya juyo. "'Yata, ke me kika gani?"

Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, amma ta fito. Ta ce a fara nuna hoton shi kaɗai, da haskensa, ba ko harafi a kansa, yayin da Fasto ke ba da tarihinta. In aka zo waƙa, a sa bango shuɗi mai duhu, da manyan fararen haruffa, layi biyu-biyu, saboda hasken safe da ke shigowa ta tagogi yana kashe ƙananan rubutu.

"Shi ke nan," in ji Baba. "Patrick, je ka ci gaba da ɗaukar ruwanka."

Da safe coci ya cika har bakin ƙofa. Aka nuna Mama, mata suka yi ta share ido da gefen zane. Sannan Baba ya miƙe, mai ganga ya buga, Mnena ta danna maɓalli.

Layin farko muryar Baba da 'ya'yansa kawai ta ji. A layi na biyu wata murya ta kama daga bencin zumuntar mata, wata ta bi ta, maza suka shigo da nauyinsu. Suna ta karya Tibin, suna jan wasu kalmomin inda ba a ja, amma suna rerawa, idanunsu a bango. Kafin a kai amshi, har na waje sun matso taga suna leƙen rubutun.

Mnena ta jingina da kujera. Baiti na gaba ya zo, ta danna a kan lokaci, ta buɗe baki ita ma ta bi su.