Takwas Ɗin Yaya Zaharadeen

…kuma ai lamba ɗaya ce tak. Takwas. Tun bayan azahar Mu'minat ke kallonta a fuskar kwamfuta, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, zufa na bin bayanta. Takwas ɗin da yayanta Zaharadeen ya rubuta da hannunsa, mako uku kafin motar nan ta hanyar Babura ta… a'a. Ba yanzu ba.

Aikin ba wuya. Kwamfaila, manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa abin da na'ura ke ganewa, so take a faɗa mata faɗin kowane adireshi a ma'ajiya. Da bayit ake auna faɗin. Yaya ya ce bayit takwas, ko'ina takwas. A uwar kwamfuta haka ne. Amma katin sarrafa hotuna, wanda dominsa ake duk wahalar nan, yana da 'yar ma'ajiyarsa ta kusa, can kuwa huɗu ne. Huɗu, Yaya! Kai da ka koya mata wannan a tsakar gida da gwangwanayen madara, kana jerawa kana matsarwa, tana kukan ta kasa ganewa, kana dariya har da riƙe ciki… kai ne da mantuwa?

Masu duba aikin, mutanen da ko sunan Kazaure ba su taɓa ji ba, sun rubuto cikin ladabi: a gyara layin nan kafin Juma'a su karɓa, in ba haka ba su rufe batun aikin. Ba su san ya rasu ba. Ta kasa faɗa musu.

Gyaran minti biyu. To amma kowane layi da sunan wanda ya taɓa shi a ƙarshe yake zama. Sauran layukansa duk ta sake rubuta su, ɗaya bayan ɗaya, ba ta ma lura ba… wannan kaɗai ya rage da sunansa.

"Mu'minat, tuwon nan fa ya huce," in ji Inna daga tsakar gida.

"Ina zuwa, Inna."

Ta bar masa kuskurensa, aikinsa ya mutu? Ta gyara, sunansa ya ɓace? Da yana nan da tuni ya dungure mata kai — ke dalla goge, suna ake ci? Ta sani. Sanin bai rage komai ba. Kewarsa take ji, har ta kuskurensa.

Yatsanta na kan maɓallin, ya ƙi dannuwa. Ashe ba sunan ba ne… In ta gama yau, babu sauran abin da suke yi tare.