Waken da Ya Yi Kore

…to laifinsa ke nan, don bai naɗe hannu ya zauna ba? Sagiru na zaune bisa baronsa a bakin Babbar Kasuwa, ana ta kiran mai baro, mai baro, kunne na ji, ƙafa ta ƙi tashi. Ambaliya ta kwantar masa da gero, ya ruɓe a ƙasa. Me manomi zai yi? Ya tsaya kallon ruɓa? Haka ya tashi ya ga ubansa na yi: in gero ya tafi, ka share, ka bi da wake tun ƙasa na da laima. Ya share. Ya shuka. Shi yana sara, matarsa Zulaihat na biye da tsohon ciki, tana jefa iri tana takewa da diddige…

Sai ga farar motar masu tallafin gwamnati. Wani ya sauko, ya ɗaga waya, ya dubi gona kore shar. "Malam, ai nan babu ɓarna." Babu ɓarna! Ya rantse, ya nuna ruɓaɓɓen karan da ya tara a kan iyaka — "Mu abin da hoto ya nuna muke turawa." Gonar maƙwabcinsa Mubarak kuwa, mutumin da ko fartanya bai ɗaga ba tun da ruwa ya janye, gona na wari kamar mushe, ita aka ɗauka ta gaba aka ɗauka ta baya. Aka ba shi buhunan masara, taki, har da na cefane. Oh ni Sagiru. Yau lalaci ya yi rana.

Jibi za su dawo, zagayen ƙarshe, in ji Yaya Sule. "Kai dai tuge waken nan, ka watsa karan bisa, su ɗauka a wuce wurin. Kowa haka ya yi." Ya tuge? Waken da ya fara fure? Jiya ma sai da ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin ganye… In ya tuge suka ƙi zuwa fa? Mutanen da jibinsu ba ta da rana. In kuma ya bari, ɗan waken nan ina zai kai su — da ƙyar ya ga ranar suna, balle bazara. Ga haihuwa a bakin ƙofa. Mai jego da me za ta sha kunu? Tsoro yake ji, wallahi tsoro, irin wanda bai ji ba ko ranar da ruwan ya zo.

Ya gaya wa Zulaihat. Sai ta ce, "Har yanzu diddigena ciwo yake." Shi ke nan. Me take nufi? Ya sani sarai, ya san me take nufi…

Hadari na haɗowa ta gabas, masu hatsi na ta jan tamfol. Da zai sauko da ƙarfi, irin na wancan karon, ya kwashe waken da kansa… ba hannunsa a ciki, ba ƙarya, hoto ya fito yadda suke so — Astagfirullah! Shi? Ɗan manomi, jikan manomi, yana roƙon ruwa ya ci masa gona? Yana ɗaga hannu don ya gyara addu'ar. A tsare ta… a cinye ta… Yayyafi na sauka cikin tafinsa, bakinsa a buɗe, bai san wadda zai roƙa ba.