Wankan Oumayma

Ina tsintar wake a ƙofar gida Rachidi ya tsaya da zem ɗinsa, babur ɗin haya, bai ko kashe injin ba.

"Tanti Labiba, Oumayma ta cika. Ciwon sikilar nan ne."

Ƙanwarsa ce, ɗakinta na jikin nawa. Iyayensu na Djougou, nisa bai bari a jira su ba. Na tafi kiran Dije mai wankan gawa, wadda katanga ɗaya ta raba ɗakina da nata. Na same ta tana yanka kuɓewa, ba ta ɗago kai ba.

"Ni ba na wanke mai duba."

"Wace mai duba, Yaya Dije?"

"Da bakinta ta ce ilimin taurari take karanta. Abu toshe a kunne, tana sauraren muryoyi. Duk Zongo an sani. A nemi wata."

Wata ɗin ma ba ta samu ba, don maganar ta riga ni shiga gidaje.

Ni aji uku na yi a lakwal, amma na san abin da yarinyar nan ta gaya mini. Wata duniya ce, Mushtari, tana fitar da ƙara irin ta rediyon da bai kama tasha ba. Na'urori sun naɗo ƙarar mai yawan da mutum ba zai iya tacewa ba, shi ne take koya wa ordinater, wato kwamfuta, ya rarrabe ta, da shi za ta zama dokta. Ta taɓa sa mini a kunne, na ce wannan ai ƙosai ne a mai. Ran nan na tsokane ta, ta duba mini ko ciniki zai yi kyau gobe.

"Tanti, ina na san gobe? Wannan da kika ji ma ya yi shekaru da wucewa."

Na koma wurin Dije, matan gida duk suna tsaye.

"Mai duba gobe yake faɗa, ita jiya take saurare. Cikinku wa ta taɓa yi wa duba? Ta ɗaga hannu in gani."

Babu wadda ta motsa.

Ban taɓa wanke gawa ba. Na aika Rachidi wurin matar liman, ta zo ta zauna kan kujera tana gaya mini, dama kafin hagu. A haka har na gama. Na tsefe mata kai, na yi mata kitso uku. Aka sallace ta bayan la'asar. Sahun bai cika ba.

Har yau akwai masu kauce wa ƙofarta. Ni kuwa kowace asuba, in na sallame, sai in juya wajen katanga in yi mata addu'a a bayyane, da sunanta da na ubanta. Wani lokaci Dije kan yi tari daga can. Sai in ƙara murya.