Makullin da ke Wuyan Bok-rye

Mun Bok-rye ba ta yi nisa a karatu ba, amma ta san maganin mijinta da ido. A kemis ɗin garinsu ba a ba mutum kwalba ya tafi da ita. Inji ne ke ƙulla ƙwayoyin a 'yan ledoji jere da juna, kowace leda shan lokaci guda. Ranar kasuwa da Tak mai kemis ya miƙo mata jerin na wannan wata, sai ta ɗaga shi wajen hasken taga kamar yadda ta saba. Ga farar ta hawan jini. Ga 'yar ƙaramar ta ciki. Mai rabi ja rabi fari kuwa babu ita, daga ledar farko har ta ƙarshe.

"Injin nan naka ya fara tsufa, ya manta da jar."

Tak bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya hau goge shi da gefen riga.

"Mama, ba mantuwa ba ce. Likita ma bai rubuta ta ba, an hana. Kamfanin da ya fara ƙirƙiro maganin ne ya kai ƙarar masu yin na kwaikwayo, wai bayar da shi don ciwon jijiya haƙƙinsa ne shi kaɗai, wa'adinsa bai cika ba. Kotu ta ba shi gaskiya. Mai arhar yanzu sai ga masu farfaɗiya."

"Ƙwayar ce aka canza?"

"Ita ce dai."

"To ita ƙwayar ta san wanda zai haɗiye ta ne?"

"Mama, in na ba ki, shagon nan za a rufe. Akwai na asalin, sai dai inshora ba ta ɗaukar irin ciwon Baba." Ya faɗi kuɗin a hankali, kamar mai jin kunya. Bok-rye ta yi lissafi a ranta. Ko barkonon gonarsu kaf aka sayar ba zai kai su damina ba.

"Shari'ar yaushe za ta ƙare?"

"Sun ɗaukaka ƙara. Lauyoyi ne fa, Mama, ba sa sauri."

Abin haushin, ga kwalbar maganin can a bayansa, cike fal, tana kallonta. Haka ta fito ta hau bas, hannunta na kan ƙirji, inda wani ɗan makulli ke rataye da zare a ƙarƙashin rigarta.

Makullin nan na akwatin ƙarfe ne mai ruwan ɗorawa, irin wanda hukuma ta raba gida-gida don kulle maganin feshi. Sauran matan ƙauyen sukan rataye nasu a ƙusa. Ita kam da shi take wanka, kuma tana da dalili. Shekarun baya wasu ƙuraje suka zagaye haƙarƙarin mijinta Pyo Man-ho kamar ɗamara. Ƙurajen suka bushe, ciwon ya ƙi tafiya. Mutumin da ya taɓa sare yatsa da lauje ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da yanka, sai ga shi yana kuka da hawaye saboda riga ta taɓa masa fata. Wata safiya ta shiga rumfar kayan gona neman kwando, ta tarar da shi zaune a kan buhu, koriyar kwalbar feshi tsakanin gwiwoyinsa, murfin a ƙasa. Bai ko ɓoye ba. Cewa ya yi, "Maman Suk-hui, na gaji." Ba ta san yadda aka yi ta fizge kwalbar ba. Bayan nan ne aka ɗora shi a kan jar ƙwayar, ya koma gona, ya koma ci, ya koma mita a kan gishirin miya. Duk ranar da ya yi mita godiya take yi a ranta.

Da ta isa gida ba ta ce masa komai ba, amma ai ba makaho ba ne. Ya yage leda a tafin hannu, ya dubi ƙwayoyin, ya dube ta. Ta faɗa masa. Ya ce kada ta kuskura ta buga wa 'yarsu Suk-hui waya, yarinyar da ke fama da aikin masana'anta da yara, sannan ya haɗiye abin da ke akwai ya fita.

Ciwon bai dawo da gudu ba, sanɗa ya yi. Da fari Man-ho ya riƙa ɗage hannun hagu daga jikinsa in yana tafiya. Sai ya daina ɓalle maɓalli. Sai ya daina sa rigar gaba ɗaya, ya zauna a dakalin katako tsirara daga ƙugu zuwa sama, haƙora a datse, ko iskar fanka ba ya so. Mitar miya ta tsaya cak. Bok-rye ta zuba gishiri da gangan har ita kanta ta kasa ci, shi kuwa ya sha bai ce uffan ba. Ranar ta shiga bayan gida ta toshe baki ta yi kuka, don tsoro ya gama cika ta.

Sai ga tsutsa ta faɗa wa barkono.

"Ba ni makullin, zan yi feshi."

Gaskiya ya faɗa, ita ma ta ga ramuka a jikin barkonon. Amma ta dubi idonsa ta kasa gane wace gaskiyar ce a ciki.

"Ni zan yi."

"Ke da wannan bayan naki? Tankin ya fi ki nauyi."

"Na ce ni zan yi, Baban Suk-hui."

Ya daɗe yana kallon zaren da ke wuyanta, sannan ya kau da kai. Haka ta goya tanki tana tangaɗi tsakanin kunyoyi, kowane taku sai ta waiga ta ga ko yana nan a dakalin.

A nan maƙwabciyarta ta same ta. 'Yar Gurye ake ce mata, da sunan garin da aka auro ta, mace mai murya kamar lasifikar mai unguwa. Ita da ɗanta Yong-tae suke zaune, gwauro da furfura ta fara fito masa, mai farfaɗiya tun ƙuruciya.

"Ke tsohuwar banza, mijin naki ya zama sarki ne da kike masa bauta? Sauke tankin nan kafin ki karye."

Bok-rye ta buɗe baki za ta rama, sai kuka ya riga maganar fitowa. Ta zayyana mata komai, har da abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba na koriyar kwalba. 'Yar Gurye ta sauke mata tankin ta koma gida. Washegari ta shigo da kwanon kabeji mai yaji, a ƙarƙashinsa ƙullin takarda. Jajayen ƙwayoyi ne.

"Na Yong-tae ne. Safe da yamma yake sha, ga wasu magungunan kuma a kai. Na zare ta safen. Rabonsa da faɗuwa tun kafin a yi kwaltar nan."

"Yaya, ba kyau. In wani abu ya same shi fa?"

"Bakinki ya sari dutse! Riƙe, kafin in fasa. Ki ce wa tsohon naki, mai kemis ne ya tausaya."

Ta san ba daidai ba ne, wallahi ta sani. Amma hannunta ya riga ya rufe a kan ƙullin, kuma ya ƙi buɗewa.

Cikin 'yan kwanaki Man-ho ya sa riga. Ya ce shinkafa ta caɓe. Ya tsaya a bakin gona yana zagin tsutsa da iyayenta. Sai dai tsoron Bok-rye bai tafi ba, gida kawai ya sake. Duk safiya in Yong-tae ya wuce da shebur a kafaɗa zai duba ruwan fadamar shinkafa, ya rusuna ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" sai ta kau da ido. Ta riƙa cusa masa dafaffiyar masara da dankali har yana dariya yana cewa so take ta aurar da shi da ƙiba. Idonta kullum a kansa yake, ko ya ɗan tsaya sosa kai sai ta saki abin da take yi.

Ranar da abin ya faru rana tsaka ce, suna tsinkar barkono ita da Man-ho. Ta ɗago don miƙe baya, ta hango Yong-tae tsaye a kan kunyar fadama, ya sandare, shebur ya suɓuce. Sai ya kife, fuska a cikin ruwa. Ruwan ko idon sawu bai rufe ba, amma ya isa.

Ihun da ta yi ita kanta ba ta san muryarta ba ce. Man-ho ya riga ta isa, tsoho da shi, ya faɗa cikin taɓo ya ciccibo kan Yong-tae ya juya shi gefe, yana kwakule masa laka daga baki, jikin na ta fizga a hannunsa. Leɓunan sun yi shuɗi. 'Yar Gurye ta iso ba takalmi tana kiran sunan ɗanta. An daɗe, an daɗe ƙwarai, kafin ya yi wani tari mai kama da haushin kare, ruwa ya fito, numfashi ya dawo.

Da motar asibiti ta zo, ma'aikacin na ɗaura masa robar iska ya tambaya, "Mama, yana shan maganinsa duka? Ba ya tsallakewa?"

Idon 'Yar Gurye ya kai kan Bok-rye, sau ɗaya tak, sannan ta ce da wata 'yar murya da ba tata ba, "Na safen... ya kwana biyu bai sha ba. Ni ce." Ta hau motar ba ta waiwayo ba.

Man-ho na tsaye, laka har ƙirji. Ya dubi motar, ya dubi matarsa.

"Mai kemis ne ya tausaya, ko?"

Ya juya ya nufi gida. Ita kuwa Bok-rye ta zauna a kan kunya cikin wannan zafi. Ta laluba wuyanta, makullin na nan, ta damƙe shi. Sai da ta ɗan dawo hayyacinta ta tashi ta bi shi.

Tun daga ƙofar gida ta ji ƙarar ƙarfe daga rumfar kayan gona. Ta san ƙarar nan, murfin akwatin ne. A tsakar gida kuwa randar daddawar wake na buɗe, murfinta a ƙasa. Da makulli biyu akwatin ya zo, na biyun a ƙarƙashin murfin randar ta liƙe shi tun ranar farko.

"Baban Suk-hui! Wayyo, Baban Suk-hui!"

Ta faɗa rumfar har tana buge goshi. Akwatin a wangale, babu komai ciki. Man-ho na sunkuye yana jera kwalaben a cikin baro, kowace da murfinta a ɗaure. Ta kama haɓarsa ta shinshina bakinsa kamar mahaukaciya, bai hana ta ba.

"Ban sha ba."

"Yaushe ka san inda yake?"

"Tun ranar da kika ɓoye shi. Wa ke ɗauko miki randar in za a shanya?"

Ashe duk shekarun nan zaren banza take rataye da shi.

Ya zaro ƙullin takardar daga aljihu, sauran jajayen ƙwayoyin, ya danƙa mata. "Wannan ki kai musu asibiti da hannunki. Waɗannan kuma gidan mai unguwa zan kai, ya kulle a wurinsa, kada ya ba ni ko na zo da kuka. Yau ina da hankalina, shi ya sa. Jibi ban san wanda zan zama ba."

"Barkonon fa?"

"Tsutsa ta ci. Ki buga wa Suk-hui waya kuma, ki faɗa mata duka."

Ya ɗaga baron ya tura. A bakin ƙofa ya tsaya, ya miƙa hannu ya sauko da igiyar ɗaurin kaya daga ƙusa, ya ɗora a kan kwalaben. Bok-rye ta gani, ba ta tambaya ba. Ta bi bayansa suka fita kan kwalta, kwalabe na ƙara, tana kallon yadda yake tafe cikin jiƙaƙƙiyar rigar da gobe ko jibi ba zai iya sawa ba.