Kwanar Tagwai

Bayan motar ya kwashe tun kafin Sheshi ya gama karya sitiyari. Gaba ya bi kwana, baya ya ƙi. Motar ta juya, ta zame a kan tsakuwa, ta tsaya da tayar baya ɗaya a bakin kwalbati. Ƙasa da wurin rami ne da ruwa yake bi da damina. Yanzu ba komai a ciki sai duwatsu.

Ya kashe inji, ya fito, ya zagaya ta. Ba abin da ya karye. Ya sake zagayawa.

Motar ta ƙanensa ce, Abdulbasit, amma aikin nasa ne. Tsohuwa ce, ƙarama, mai ƙofa biyu, tayoyin baya ne suke tura ta. Abdulbasit ya kawo ta garejin Sheshi a Limawa ya ce yana son ta yi gudu. Sheshi ya cire ƙaramin injinta ya dasa mai silinda shida. Daga nan yaron ya ce ta yi nauyi. Aka cire kujerar baya. Aka cire safaya taya da jak, har kafet da ƙarfen bamba. Sheshi bai hana ba, shi ma abin ya burge shi. A miƙaƙƙiyar hanya ba ta da sa'a a Minna.

Yau da la'asar za a kai amaryar wani abokin Abdulbasit ƙauyen da ke bayan dam. Abokan ango sukan yi tsere a gaban ayari, wanda ya fara isa ƙofar gidan ango shi ake yi wa guɗa. Abdulbasit ya rantse a gaban jama'a sai ya riga Umar Faruk, mai wata ƙatuwar Marsandi. Hanya ɗaya ce, kuma ta wannan kwanar ta bi. Sheshi ya shiga ta da rabin gudun da ƙanensa zai shiga.

"Makaniki, kai ne kana rawa da mota da safe?"

Mama Liyatu ce, mai sayar da doya a Kasuwar Gwari. Tana zaune a inuwar mangwaro da tarin doya a gabanta, motar da take jira ba ta zo ba. Sheshi ya daɗe yana gyara wa ɗanta babur. Ba ta tambaye shi lafiya ba. Ta leƙa ta taga, ta ce, "Wannan mota ba shi da kujera a baya? To, ya yi kyau. Doya zai zauna."

Ya ce mata ba motar kaya ba ce. Ta ce ita ma ba ta ce motar kaya ba ce, ta ce za shi gari, ita ma za ta gari. Nan take ta saɓa kwandon farko a kafaɗa. Ya buɗe but. Suka cika shi, sauran suka zuba a inda kujera take a da.

Ya juya motar a gaba, ya dawo ta kwanar a hankali saboda tsohuwa. Sai ya ji wani abu a ƙugunsa. Motar ta zauna. Ya wuce, ya taka birki, ya yi ribas.

"Ka manta wani abu?"

"Riƙe ƙofa, Mama."

Ya sake shiga kwanar da gudu. Baya ya bi gaba kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Ya koma, ya ƙara totur, ya sake shiga. Tayoyi suka yi ƙara kaɗan, suka riƙe kwalta. Mama Liyatu ta kira sunan Yesu, ta zage shi da Gwaranci, ta ce in doya ɗaya ta karye a kansa. Bai ji ta ba. Ashe duk nauyin motar shi ya tara shi a hanci da hannunsa, ya bar ƙafafun da suke turawa ba abin da ya danne su, sai yanzu da doya ta danne.

Ya sauke ta a kasuwa. Ta ba shi doya biyu, ta ce kada ya ƙara ɗaukar ta.

Daga nan ya kira Abdulbasit. Yaron yana gidan ango, ana kiɗa a bayansa. Sheshi ya gaya masa abin da ya faru a kwanar, bai rage ba, bai ƙara ba. Ya ce a mayar da kujera da safaya, a ƙara buhun yashi a but. Abdulbasit ya yi dariya. Ya ce wata nawa suna rage mata kaya, yau kuma a mai da ita tifa? Ya ce tsufa ne ya fara kama yayansa, hannu ya yi sanyi. Motar Umar Faruk ta fi tasu ƙarfi, ba abin da suke da shi sai rashin nauyi.

"To ka sassauta a kwanar kwalbati."

"A nan zan wuce shi, Yaya. Tasa ba ta iya kwana. Kuma zan duba but. In na ga buhu, a bakin titi zan ajiye shi."

Abdulbasit ya kashe waya.

Sheshi ya koma gareji ya kasa zama. Ya buɗe gaban motar, ya rufe. Sauke inji ba aikin yini ɗaya ba ne. Ya yi tunanin cire wata waya ya ce mota ta ƙi tashi. Amma yaron ya san inji, a hannunsa ya koya, zai gano kafin ya gama shan ruwa. Ya yi tunanin gaya wa mahaifiyarsu. Za ta yi kuka, Abdulbasit zai durƙusa ya ce to, ya fita ya yi abin da ya yi niyya.

Ya buɗe but ya tsaya yana kallon ramin safaya. Abin da ake bukata ƙarfe ne gajere mai nauyi, wanda zai kwanta a nan, daf da tayoyi, a rufe shi. Ya hau babur ya je wajen masu gwangwan a Barkin Sale. Lahadi ce, shaguna biyu a rufe. Na ukun ya nuna masa tsohon kan inji, ya yi faɗi. Ya nuna masa giyabos, ya yi tsawo. Ya dawo rana ta take, rigarsa ta jiƙe.

A tsakiyar garejin akwai kututturen kirya, a kansa maƙerar mahaifinsu, wadda yake dukan ƙarfe a kai. Guntun layin dogo ne, tsawon kamu ɗaya da ɗan ƙari. Mahaifin nasu tsohon maƙeri ne daga Bida, ya yi aikin reluwe har ƙarfinsa ya ƙare, wannan guntun da aka yanke aka yar shi ne ya dawo da shi gida. Samansa ya yi santsi saboda duka. A kansa Sheshi ya fara riƙe guduma. Bai taɓa barin kowa ya zauna a kai ba.

Ya gwada shi da igiya. Ya je ya gwada ramin. Ya dawo ya sake gwadawa, ko da ya san amsar.

Ya kira Ɗanladi mai walda, maƙwabcinsa. Da Ɗanladi ya ji abin da za a yi, ya cire tabaron walda ya dube shi. Ya ce a nemi wani ƙarfen mana. Sheshi ya ce ya kama wancan gefen. Su biyu da ƙyar suka ɗaga. Suka kwantar da shi a ramin, suka ɗaure da ƙarafa da noti, Ɗanladi ya shimfiɗa fallen ƙarfe a kai ya bi shi da wuta. Wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, aka tayar da janareto. Sheshi ya shafa baƙin fenti, ya watsa ƙasa a kai tun bai bushe ba, ya ɗaga ƙafar baya kaɗan don kada a ga ta zauna.

"In ya tambaye ni fa?" in ji Ɗanladi.

"Ba zai tambaye ka ba. Bai taɓa tambayar kowa komai ba."

Bayan azahar Abdulbasit ya zo cikin farar shadda, yana ƙamshi. Ya buɗe but, ya ga wayam, ya rufe, ya yi wa yayansa murmushi. Ya ja mota ya tafi.

Sheshi bai je biki ba. Ya hau babur ya koma kwanar, ya tsaya a gindin mangwaron. Ya zauna, ya tashi. Ya sauka ramin ya dubi duwatsun, ya hawo. Ya yi la'asar a wurin, yana sallamewa ya ji ƙarar inji daga nesa.

Marsandin ce a gaba, ƙaramar tana manne da ita. Da suka doso kwanar Umar Faruk ya taka birki, babbar motar ta jirkice ta buɗe waje. Abdulbasit bai taka ba. Ya shiga ta ciki. Bayan motar ya ɗan motsa, ya nutsa, ya riƙe. Ta wuce kwalbatin ta miƙe, kafin ƙura ta kwanta ta ɓace.

Sheshi ya daɗe a tsaye. Ayarin amarya ya zo ya wuce da hon da waƙa, bai ɗaga hannu ba.

Ana shirin magariba Abdulbasit ya shigo gareji da abokai biyu, murya a dushe. Ya rungume yayansa. Ya ce bai taɓa jin mota mai sauƙi haka ba, kamar takarda, duk inda ya juya ta sai ta bi. Ya ce da an sa buhun nan da yanzu shi ake yi wa dariya. Wani satin a cire gilasan baya ma, a sa roba.

"Ba wanda zai ƙara taɓa motar nan sai ni," in ji Sheshi. "Ko noti ɗaya."

"Na yarda, Yaya." Ya juya zai tafi, idonsa ya faɗa kan kututturen. "Ina maƙerar Baba?"

"Ba ruwanka."

Abdulbasit ya ɗaga kafaɗa. Abokansa suna kira, ya fita. Aka ji ƙarar motar har ta bar Limawa.

Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfen salansa da mai shi zai zo karɓa da safe. Sheshi ya ɗora shi a kan kututturen, ya ɗaga guduma, ya buga. Ƙarfen bai miƙe ba, sai ya nutse cikin itace. Ya ciro shi, ya juya, ya sake bugawa.