Wanda Zai Fara

Filas ɗin shayi, bargo mai ruwan toka, silifas, cajar waya, ƙaramar rediyo, tawul biyu da jakar kayan aski. Abin da Injiniya ta ɗora a cinyarta ke nan a bayan tasi, motar tana tafiya tana tsayawa cikin cunkoson safe. Jakar askin ba ta cikin abin da asibiti suka ce a kawo. Inna ce ta cusa mata ita a bakin matattakala.

"Ya ce a kai masa. Ki kai masa kawai, kar ki tsaya yi masa lissafi."

Ƙofar Injiniya da ta su Inna suna kallon juna a saman bene. Bara Injiniya ta dawo daga karatu mai nisa, ta kama aiki a ofishin ruwa, ta kama ɗaki a gidan. Kowa Injiniya yake ce mata, ban da mijin Inna, Baba Mai Aski, wanda shagonsa ke ƙasan benen. Shi Baturiya yake ce mata, wai don ita kaɗai ce a gidan da ke ƙwanƙwasa ƙofa kuma ta tsaya jiran amsa.

Inna ce ta fara kamuwa da korona, ta sha wuya saboda asmarta. Tana tashi Baba ya kwanta. Injiniya ce ta ƙarshe, daga baya sosai, daga ofis ta kwaso tata. Dukkansu sun warke. Yanzu ga cutar ta sake zagayowa layin, ta sake samun Baba a shago, inda yake yini hancinsa dab da hancin mutane. An gwada Inna ba ta da ita, amma likita ya hana ta taka ɗakin da aka kwantar da shi. Ɗansu yana aiki a wani gari mai nisa. Shi ya sa kai kaya ya faɗo kan Injiniya.

A ƙofar ɗakin nas ta ba ta takunkumi da riga ta ɗora kan kayanta. Baba yana gado na kusa da taga, an jingina shi da filo, robar iska a hancinsa. Gemu ya fito masa fari, bai daidaita ba. Ba ta taɓa ganin sa haka ba.

"Baturiya. Kin ƙwanƙwasa kuwa?"

"Nan ba ƙofarka ba ce, Baba. Ya jiki?"

"Jiki ya yi sauƙi, fuska ce ta lalace. Kin kawo?"

Ta ajiye masa jakar a kan bargo. Ya zuge ta a hankali, ya fiddo ƙaramin injin aski mai batir da madubi mai hannu wanda gefensa ya tsage.

"Riƙe min. Sama kaɗan. Ke da kika yi karatun awo, madubi ya gagare ki?"

Ta riƙe. Ya kunna injin ya kai kunci. Yana yi yana hutawa. Ya gama ɓangare ɗaya, ya sauke hannu, ya daɗe yana jan numfashi. Mutumin gado na gaba, wani direba mai ƙaton ciki, ya ɗago kai.

"Malam, in ka gama ina layi."

"Ka warke tukun. Ba na aske wanda ba zai iya biya na da hira ba."

Da ya gama ɗaya ɓangaren ya duba madubin ta hagu, ya duba ta dama, ya share injin da ƙaramin buroshi kamar yadda yake yi a shago. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Tsohuwar nan ta je allurar?"

"Ba ta je ba. Ta ce sai ka fara."

"To ai haka ne."

Injiniya ta san zancen. Lokacin da suka warke, nas ɗin ƙaramin asibitin unguwa ta gaya musu cewa ana iya jinkirta allurar ƙari ta rigakafin korona kamar wata uku bayan ciwon, don ciwon kansa yana barin ɗan kariya a jiki na wani lokaci. Amma ta ce masu raunin ƙirji irin Inna kada su wuce hakan. Wata ukun Inna ya cika ya wuce. Na Baba ma ya cika. Sai ya ce a bari ya rage kawunan da suka taru lokacin da shago ke rufe, don allurar da ya yi a baya ta riƙe masa kafaɗa, ya kasa ɗaga inji har kwanaki. Kawuna kuwa ba sa ƙarewa. Inna kuma ba ta zuwa sai ya je.

Haka suke tun kafin Injiniya ta san su. Ba sa yin abin asibiti rana ɗaya. Shi ke farawa, ya dawo ya gaya mata yadda layin yake, wace nas ce mai hannu mai sauƙi, a wace kujera ake jira. In abin ya kwantar da shi, ita ce a tsaye, tana gasa masa kafaɗa da ruwan ɗumi. Bayan mako ita ta je, shi kuma ya rufe shago ya shiga kicin ya ƙona mata tukunya. Haka suka yi da cire haƙori, haka da aikin ido, haka da alluran korona na baya.

"Baba, wannan karon ka ce mata ta je kawai. Ni zan raka ta."

"Na faɗa mata a waya jiya."

"Me ta ce?"

"Ta ce zazzaɓi ne ke magana." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, nas ta zo ta gyara masa robar. Da ya lafa ya ce, "Bari in fito. Ina fita zan je, ko kafaɗar za ta cire."

Injiniya ba ta gaya masa cewa yanzu da ya sake kamuwa sai an sake jira ba. Ta zuba masa shayi, ya kurɓa sau biyu ya mayar mata.

Ta ci gaba da zuwa kafin ofis. Ranar da ta biyo baya ya tambaya ko an share gaban shago. Wata rana bai yi magana ba, ya dai ɗaga mata yatsa. Daga nan aka mayar da shi wani ɗaki da ba a shiga, sai dai a leƙa ta gilashi. Tana ofis da hantsi, tana duba takardun wani famfo da ya fashe, waya ta shigo daga asibiti. Ta saurara, ta ce to, ta rufe fayil ɗin, ta gaya wa shugabanta za ta fita.

A baranda likitan ya same ta. Matashi ne, idonsa ja don gajiya. Ya ce huhun bai gama farfaɗowa daga ciwon farko ba na biyu ya zo.

"Da ya yi allurar ƙarin fa?"

"Wataƙila da bai kai haka ba. Ba zan iya rantse miki ba."

Aka miƙo mata kayan a cikin leda: filas, bargo, silifas, caja, rediyo, tawul, jakar aski. Direban nan mai ƙaton ciki yana bakin ƙofa, an sallame shi, gemunsa har wuya. Ya dubi jakar ya kau da kai.

Ita ta gaya wa Inna rasuwar. Inna tana zaune a bakin gado tana ninke wanki. Ta saurara har ƙarshe, ta ƙarasa ninke rigar da ke hannunta, ta ajiye ta kan sauran.

"Ya yi askin?"

"Ya yi. Ni na riƙe masa madubi."

"To."

Ɗansu ya iso washegari, bayan an kai Baba makwancinsa. Kwanakin da suka biyo baya falon ya cika da masu gaisuwa. Takalma har kan matattakala. Wasu da takunkumi a haɓa, wasu babu, ana tari ana cewa mura ce. Injiniya tana buɗe tagogi, wata tsohuwa tana bin bayanta tana rufewa wai iska na damun ta. Inna tana tsakiya, abin shaƙarta na asma a cinya. Tsoffin abokan cinikin Baba suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kusan duk kansu ya yi buya-buya.

Ɗan ya yi wa uwarsa maganar allurar sau da yawa. Kullum ta ce to. Ranar da zai koma ya tsayar da Injiniya a kan matattakala, jakarsa a kafaɗa.

"Yaya, don Allah. Ni in na yi magana 'to' take ce min, ke kuwa tana jin nauyinki. In wannan abin ya kama ta da ƙirjin nan..." Bai ƙarasa ba.

"Zan yi mata magana."

Ta shiga da la'asar, bayan mutane sun ragu. Ta ƙwanƙwasa, ta jira amsa. Inna tana goge kayan askin ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a kan tawul. Injiniya ta zauna ta yi bayani yadda ta iya, dalla-dalla: kariyar da ciwo ke bari tana raguwa, ta Inna ta daɗe da fara raguwa, cutar tana gidan ƙasa da na maƙwabta, allurar ba ta hana kamuwa gaba ɗaya amma tana rage kwanciya asibiti.

"Na ji, 'yar nan. Karatunki bai faɗi ƙasa ba." Inna ta hura cikin haƙoran injin. "Ni ba tsoron allura nake ba. Na haihu, allura me ce ce? Amma ni ban taɓa shiga wurin nan ba sai ya shiga ya fito ya ce min ga yadda yake. Kuma in ta kwantar da ni, wa ke tsaye?"

"Ni ina nan, Inna."

"Ke kina ofis. Kuma ke ɗin kin yi ne?"

"Nawa lokacin bai yi ba. Saura wata ɗaya da 'yan kai."

"Shi ma haka ya ce."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ɗauki madubin ta goge shi da gefen zaninta.

Injiniya ta koma ɗakinta. Ita mutum ce mai son abu ya tafi kan tsari. Tun ranar da ta warke ta karanta abin da za ta karanta, ta tsayar da cewa za ta cika wata ukun cif, don ta ga an ce kariyar ta fi ƙarfi in an ba da tazara. Ba ta ga dalilin da zai sa ta sauya ba. Dalilin Baba daban, nata daban. Ta dafa shayi ta bar shi ya huce. Ta bango tana jin Inna tana jan numfashi, sai ƙarar abin shaƙa, sai shiru.

Washegari a hanyar ofis ta biya ta ƙaramin asibitin unguwa. Nas ɗin tana cin gyaɗa a bayan tebur, ta ture ledar gefe.

"Kin warke sarai? Ba zazzaɓi, ba tari?"

"Tun tuni."

"To ba abin da zai hana. In kin jira ya ɗan fi, in kin yi yanzu ba laifi. Ke da ƙarfinki, saurin me kike?"

"Akwai wadda ke bayana a layi."

Nas ɗin ta leƙa bayanta, ba kowa. Ta ɗaga kafaɗa. "Gobe da safe muke buɗe sabon kwalin allura."

A ofis Injiniya ta nemi hutun kwanaki a mako mai zuwa. Shugabanta ya tambaya ko lafiya, ta ce jinya za ta yi. Ya ce wa ke ciwo, ta ce tukuna.

Da yamma ta hau benen. Shagon ƙasa a rufe, wani ya jingina babur a jikin ƙofar. Ta ƙwanƙwasa wa Inna. Inna ta buɗe rabi, hannunta da kumfar wanke-wanke.

"Gobe zan je, Inna. Zan fara."

"Lokacinki ai bai yi ba."

"Na tambaya. Sun ce ba laifi."

 Inna ta goge hannu a zani.

"Kin iya girki kuwa? Ko ke ma tukunya za ki ƙona min?"

"Zan ƙona kaɗan."

"Hannun hagu za ki ba su, na dama na aiki ne. Ki ci abinci kafin ki fita. In kin dawo kar ki wuce ɗakinki, ki shigo ki gaya min yadda wurin yake, zan ɗora ruwan ɗumi. Kuma ba sai kin ƙwanƙwasa ba."

Ta tura ƙofar ta rufe. Injiniya tana neman makullinta a jaka ta ji muryar daga ciki, ƙasa-ƙasa, kamar mai gaya wa wani da ke zaune a falon.

"Ita gobe. Ni mako mai zuwa."