Wandon Shugaban Kwamiti

Makau da kansa yake ba da labarin nan, tun kafin wani ya riga shi, don ya ce gara mutum ya tsiyata kansa ya huta.

A shekarar da ta biyo bayan mutuwar yara a Yargalma saboda gubar dalma, duk ƙauyukan ƙasar Bukkuyum tsoron ruwa ya shige su. Ana cikin haka wani jami'i ya zo tungar su Makau a bakin gulbi, ya tara masunta a ƙofar Sarkin Ruwa. Ya ce duk jirgin da ke da inji sai an duba an ga ba ya ɗigar da mai, sannan a ba shi takardar izini. Kwale-kwalen da ake tuƙawa da gora kuwa ba ruwansa da takarda. Ya kuma ce a zaɓi mutum ɗaya ya riƙa sa ido.

Aka zaɓi Makau, don kawai ba shi da inji. Shi kuwa ya ɗauka an hango wata hikima ce a goshinsa. Washegari ya sayo usur, ya kuma ƙwace maɗaurar jirgi mafi kyau, ƙarƙashin marken da ke sama da mashayar mata, wai daga nan shugaba zai fi ganin kowa. Bai tsaya nan ba, sai da ya ƙara wa doka gishiri daga aljihunsa: duk jirgin da ya ɓata ruwa za a ja shi tudu, ba zai koma ba sai gulbi ya janye. Wato mutum ya yi asarar kakar kifi gaba ɗaya. Jama'a suka ce sun yarda.

Jirgi mai inji ɗaya ne tak a tungar, na Magaji, abokin Makau tun suna yara. Da shi yake ƙetarar da mutane ranar kasuwa, da shi yake ciyar da gida mai baki goma sha ɗaya. Gaskiyar da Makau bai faɗa wa kowa ba a lokacin ita ce, tun ranar da injin nan ya fara ƙara, wani abu ya tokare masa a ƙirji. Hassada ce, ba ta da wani suna.

Ba a yi sati biyu ba mata suka fara ƙorafi. Wani maiƙo mai ƙyalli yana yawo a kan ruwan mashaya, kunu yana warin garejin babura. Makau ya hura usur har kumatunsa suka yi ciwo. Ya tsaya gaban taro ya ce ruwa ba ya tsami banza, kuma jirgi ɗaya ne ke shan mai a garin nan.

Magaji ya zaro takardarsa daga cikin leda ya miƙa. "Makau, dibi hatimi. An duba injin nan, ba a ga komi ba."

"Takarda ba ta toshe ɗigo," in ji Makau. Maganar ta yi masa daɗi har ya sake maimaita ta.

Aka ja jirgin Magaji tudu. Ranar kasuwa mutane suka yi ta ƙetarewa huɗu-huɗu a kwale-kwale, Magaji yana zaune a kan jirginsa yana kallo.

Kwana uku, maiƙo yana nan. Makau ya ce saura ne. Kwana shida, ya ce mai yana da naci. A kwana na takwas, da hantsi, matarsa Habsu ta dawo daga wanki ta shimfiɗa wanduna uku a gabansa, ta juyo da mazaunansu sama. Duk ukun sun yi baƙi ƙirin.

"Malam, sabuluna ya ƙare kan wanga abu. Ina kaka zama?"

"Cikin jirgina mana."

"To mi ka shahwa mai?"

Sai Makau ya tuna. Kafin saukar ruwa katakon kwale-kwalensa ya fara ruɓewa. Wani bakanike a Bukkuyum ya ba shi galan biyu na baƙin mai, wanda ake juyewa daga injin babur, ya ce ba abin da ke kare katako kamarsa. Makau ya shafe jirgin ciki da waje, har yana yi wa sauran masunta kallon waɗanda ba su waye ba. Duk sati kuma yana ƙara masa wani shafin. Shi ne yake ɗaure jirgin kullum taku ashirin sama da inda mata ke ɗiban ruwa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ya sauka bakin gulbi ya tsuguna. Ga maiƙon nan yana fita daga ƙarƙashin jirginsa a hankali, yana bin ruwa zuwa mashaya. Kunya ta kama shi. Nan take wata dabara ta zo masa: doka ta ce mai inji, shi kuwa ba shi da inji. In ya matsar da jirgin ƙasa da mashaya, maiƙo zai ɓace, kowa zai ce hukunci ya yi aiki, shi ke nan. Ya ma fara kwance igiyar. Sai ya hango Magaji can tudu yana sheƙa wa jirginsa ruwa da bokiti don kada rana ta tsaga katakon. Makau ya mayar da igiyar ya ɗaure.

Bayan sallar Juma'a ya hura usur a ƙofar Sarkin Ruwa. Ya ɗaga wando ɗaya sama.

"Ranka shi daɗe, an kama mai laihi. Ga shaida."

Ya yi bayani daki-daki. Daga nan Sarkin Ruwa ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa, sai taro ya ɓarke. Wani ya ce ai doka ba ta hau kwale-kwale ba. Makau ya ce dokar jami'i ce ba ta hau ba, tasa da ya ƙara da bakinsa ta hau. Ranar aka tura jirgin Magaji ruwa, aka ja nasa tudu, kuma shi ya riƙe gaban igiyar. Kakar kifin shekarar ta wuce shi yana kankare katako da wuƙa. Usur ɗin ya ajiye wa Sarkin Ruwa, ba wanda ya ce ya dawo ya ɗauka.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne Magaji bai ce masa uffan ba. Ranar kasuwa Makau ya zo ƙetarewa kansa a ƙasa, ya sa ƙafa a jirgin da ya hana aiki kwana tara. Yana shirin zama Magaji ya ɗaga hannu, ya jawo wani tsohon buhu ya shimfiɗa a kan benci.

"Zauna bisa wanga, Shugaba," ya ce. "Ni ina da takardar da nika tsaro."

Makau ya zauna a kan buhun.